Tafkin Bosumtwi: yadda laka ta ba da labarin daminar zamanin ƙanƙara

Kimanin kilomita 30 kudu maso gabas da Kumasi, a ƙasar Ashanti ta Ghana, akwai wani tafki zagayayye kwance a cikin kwari, tuddai sun kewaye shi ta kowace fuska. Bosumtwi ke nan. Faɗinsa kusan kilomita 8 ne, zurfin tsakiyarsa kuma ya kai mita 75. Wanda ya gangara bakin ruwan zai tarar da masunta zaune bisa katako guda da suke kira padua, ƙafafu a cikin ruwa, suna tuƙi da hannu, domin a al'adarsu wurin mai tsarki ne, ba a saba kamun kifi a cikinsa da kwale-kwale ba. Zai kuma ga kututturan matattun itatuwa tsaye cikin ruwa, nesa da gaɓa. Itace ba ya tsirowa a ƙarƙashin tafki. Inda suke tsaye ɗin nan, a da tudu ne.

Kututturan nan su ne shaidar da ido ke gani. Sauran shaidun suna can ƙasa cikin laka, kuma da su ne masana suka haɗa tarihin daminar Afirka ta Yamma tun daga zamanin da ƙanƙara ta lulluɓe arewacin duniya. Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin tarihin shi ne, a shekaru dubu ashirin da 'yan kai da suka wuce, fari mafi tsanani bai faɗo a lokacin da ƙanƙarar ta kai maƙura ba. Sai da ta fara narkewa ya zo. Kafin mutum ya yarda da magana mai nauyi irin wannan, ya dace ya ga ta inda aka bi aka same ta.

Me ya sa aka zaɓi wannan tafki

Shekara miliyan 1.07 da suka wuce wani ƙaton dutse ya faɗo daga sararin samaniya ya haƙa rami mai faɗin kilomita 10.5. Ruwa ya taru a ramin, ya zama tafki. Babu kogin da ke fita daga cikinsa, babu kuma wani babban kogi da ke zuba masa ruwa daga nesa. Mafi yawan abin da yake samu sama ce ke zubo masa kai tsaye, abin da yake rasawa kuma rana da iska ne ke shanyewa. Saboda haka in damina ta yi kyau shekaru a jere, ruwan ya hau. In ta yi rowa, ya ja baya. Tafkin da kogi ke ratsawa ba ya yin haka, domin komai yawan ruwa rarar wucewa take yi.

Abu na biyu shi ne ƙasan tafkin ba shi da iskar oksijin. Kifi ba ya zama a can, tsutsa ba ta tona laka. Duk abin da ya nutse, ganye ne, ƙura ce, ko gawayin gobarar daji, a nan yake kwanciya yadda ya sauka, na bana a kan na bara. In aka tsaga lakar gida biyu za a ga layuka sirara, mai haske da mai duhu, mai haske da mai duhu, wasu kaurinsu bai wuce milimita ɗaya ba. A wurare da dama kowane biyu shekara guda ce, har a iya ƙirga su a ƙarƙashin madubin ƙara girma.

A shekarun 1970 Daniel Livingstone na Jami'ar Duke da ke Amurka da Michael Talbot suka fara zaro lakar da bututu. Mafi tsawon abin da aka samu a lokacin ya kai wajen mita 17, wanda ya ƙunshi shekara kusan 27,000. A 2004 aka dawo da babban shiri na haɗin gwiwar ƙasashe, aka harhaɗa dandamalin haƙa mai yawo a kan ruwa, aka yi watanni ana aiki tare da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah da hukumar binciken ƙasa ta Ghana. Cikin jagororin akwai Christian Koeberl na Jami'ar Vienna, da Jonathan Overpeck na Arizona, da Christopher Scholz na Syracuse. A rami mafi zurfi sun ratsa mita 294 na laka kafin su taɓa farfasasshen dutsen da faɗuwar nan ta bari. Wato sun riƙe tarihin tafkin tun daga ranar haihuwarsa.

Shekarun laka

Laka ba ta da wani amfani in ba a san shekarunta ba, kuma a nan ne aikin ke cin lokaci da kuɗi. A sama-sama ana ƙirga layuka. Ƙasa kaɗan sai a koma ga kabon-14, wani nau'in kabon da duk mai rai ke ɗauka yana raye, in ya mutu kuma rabinsa ke ɓacewa duk bayan shekara 5,730. A tsinci guntun ganye ko tsinke a cikin lakar, a auna abin da ya rage, a san yaushe ya mutu.

Akwai tarko a ciki. Ɓurɓushin tsiro yana iya yin shekaru ɗaruruwa a ƙasar gangaren tudu kafin ruwa ya wanko shi cikin tafki, sai ya sa lakar ta yi kamar ta girmi shekarunta. Shi ya sa ake yin awo da yawa a jere, a kwatanta da ƙirgen layuka, a ajiye wanda ya kauce daga sahu. Bayan shekara 50,000 kabon-14 ya ƙare, sai a nemi wasu hanyoyi: a auna yaushe ƙwayar yashi ta yi ganin ƙarshe da hasken rana, a auna yuraniyom, a duba alamun da sauye-sauyen maganaɗisun duniya suka bari. Gwargwadon nisan da aka yi ƙasa, gwargwadon faɗin kuskuren da ke iya shiga lissafi. Saboda haka labarin shekara 25,000 na baya-bayan nan ya fi na can ƙasa ƙwari nesa ba kusa ba, kuma a kansa zan fi tsayawa.

Shaidu huɗu, kowanne da aibinsa

Babu wani abu a cikin laka da ke faɗin cewa an yi ruwa milimita kaza a shekara kaza. Masanin da ke wannan aiki matsayin alƙali yake, wanda laifin bai faru a gabansa ba, yana da shaidu da dama, kowanne kuma akwai inda maganarsa ke da rauni. Ba ya yanke hukunci sai waɗanda ba su haɗa baki ba sun faɗi abu guda.

Na farko tsofaffin gaɓoɓin ruwa ne. A jikin tuddan da suka kewaye tafkin, can sama da inda ruwa yake yau, akwai matakai da ruwa ya sassaƙa, da lakar tafki mai ƙasusuwan kifi. A ƙarƙashin ruwa kuma, na'urar da ke aika amo ƙasa ta saurari dawowarsa ta nuna inda igiyar ruwa ta taɓa zaizaye laka, alamar cewa bakin gaɓa ya taɓa sauka har can. Talbot da Georgette Delibrias suka fitar da jadawalin hawa da saukar tafkin a 1980, Timothy Shanahan da abokan aikinsa suka gyara shi a 2006. Abin da suka samu: wajen shekara 16,300 da suka wuce ruwan ya yi ƙasa da inda yake yau da kimanin mita 60. Daga baya kuma ya hau mita 110 sama da na yau, har ya cika ya batse ta wata ƙofa a bakin ramin. Tsakanin ƙasa da sama, mita 170 ke nan a tafki guda.

Raunin wannan shaida shi ne tsayin ruwa ba ruwan sama kaɗai yake nunawa ba, har da abin da rana ta sha. Amma a nan raunin ƙara wa maganar ƙarfi ya yi. A zamanin ƙanƙara yankin ya fi yau sanyi, ƙafewa ta ragu. Tafkin da ya sauka mita 60 alhali rana ba ta shansa kamar yau, lalle ƙarancin ruwan saman da ya gani ba ƙarami ba ne.

Na biyu ƙurar furanni. Kowane tsiro da siffar tasa, kuma ɓawonta ba ya ruɓewa a laka marar iska. Jean Maley, wani Bafaranshe, ya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. Yau Bosumtwi a yankin kurmi yake, ƙasar koko da manyan itatuwa. A lakar zamanin ƙanƙara kuwa ciyawa ce ta mamaye, ga gawayin ciyawar da wuta ta ci. Ya kuma sami ƙurar wani zaitun na daji da a yau sai a kan tsaunuka masu sanyi ake ganinsa, abin da ya nuna zafin wurin ya sauka da aƙalla digiri 2 zuwa 3. Kurmi bai dawo sosai ba sai wajen shekara 9,000 zuwa 10,000 da suka wuce.

Da jin haka mutum zai ce ai magana ta ƙare, ciyawa a gurbin kurmi fari ke nan. Ba a nan gizo ke saƙa ba. Iskar da ta maƙale a cikin tsohuwar ƙanƙarar Antatika ta nuna cewa a wancan zamani kabon-dayoksaid bai wuce kashi 180 zuwa 190 cikin miliyan ba, alhali kafin zamanin masana'antu ya kai 280. Itatuwa suna wahala in wannan iska ta yi ƙaranci. Ciyayin ƙasashe masu zafi, dangin gero da dawa, suna da wata hanya ta tattara ta a cikin ganye, don haka ƙarancin bai dame su kamar yadda ya dami itace ba. Ko da ruwan sama bai ragu ba, ciyawa tana iya cin galaba. In ta yi yawa kuma ta bushe da rani, wuta ta kama, ta ƙone ƙananan itatuwa, ciyawa ta ƙara samun fili. Alayne Street-Perrott da abokan aikinta sun nuna tasirin ƙarancin iskar nan a 1997, a wani tafki da ke kan Dutsen Kenya. A ganina wannan gyara yana cikin mafi muhimmanci da aka yi a fannin, domin ya hana a riƙa ɗora wa fari duk wani sauyin tsiro.

Sai aka nemi shaida ta uku, wadda ta fi kusa da ruwan saman kansa, aka same ta a kakin ganye. Sheƙin nan da ake gani a bayan ganyen mangwaro kaki ne, kuma tsiro yana gina shi da haidurojin, ɗaya daga cikin sinadaran da suka haɗu suka yi ruwa, wanda yake samu daga ruwan da saiwarsa ta sha. Haidurojin iri biyu ne a ruwa, mai nauyi da marar nauyi. A ƙasashe masu zafi, in ana ruwa mai yawa, mai nauyin yakan riga zubewa tun a hanya, sai ruwan da ya iso ya zama marar nauyi ya fi yawa a ciki. In ruwan ƙalilan ne, mai nauyin ya ƙaru. Kakin yana riƙe wannan alama shekaru dubbai bayan ganyen ya ruɓe. Ana wanke shi daga laka da sinadarai, a auna. Shi ma sai an yi masa gyara, domin ciyawa da itace ba sa ɗaukar haidurojin daidai wa daida, kuma tekun da tururin ke tasowa daga gare shi ya sauya a lokacin da ruwa mai yawa ke daskare a arewa. Shanahan, wanda ke Jami'ar Texas a Austin, ya fitar da wannan awo na shekara 20,000 a 2015.

Na huɗu ƙurar hunturu ce, irin wadda ke rufe mana gari daga Disamba zuwa Fabrairu, wadda kuma take kaiwa har Kumasi. John Peck na Jami'ar Akron ya bi sawunta ta hanyar ƙwayoyin ma'adinai masu maganaɗisu a cikin lakar, ya ga tana ƙaruwa a zangunan da sauran shaidu suka ce an bushe.

Inda bakinsu ya zo ɗaya

Wajen shekara 21,000 da suka wuce ƙanƙara ta kai iyakarta. Ta rufe Kanada da arewacin Turai, teku ya sauka da kusan mita 120. Bosumtwi a lokacin ƙarami ne, kewaye da ciyawa, an yi sanyi, an bushe. Amma mafi ƙasan da ya yi sai bayan haka da shekara dubu huɗu zuwa biyar.

Dalilin yana can arewacin Tekun Atlantika. A 1988 wani Bajamushe, Hartmut Heinrich, ya bayyana wasu layukan tsakuwa a ƙasan teku, waɗanda manyan ɓangarorin ƙanƙara suka ɗauko daga Kanada suka zubar da suka narke. Na ƙarshe cikin waɗannan aukuwa ya faru wajen shekara 16,000 zuwa 17,000 da suka wuce. Ruwan narkakkiyar ƙanƙara ba shi da gishiri, bai kai ruwan teku nauyi ba, sai ya kwanta a sama ya hana ruwan arewa nutsewa. Nutsewar nan kuwa ita ce ke jan ruwan ɗumi daga kudu zuwa arewa. Da ta raunana, arewacin Atlantika ya ƙara sanyi, kudanci ya ɗumama. Hadarin damina kullum ɓangaren da ya fi ɗumi yake bi, sai ya ja kudu, iskar da ke ɗauko laima daga teku zuwa cikin ƙasa ta rasa ƙarfi.

Ba Ghana kaɗai abin ya shafa ba. A daidai wannan zango Tafkin Victoria, mafi faɗi a Afirka, ya ƙafe, haka ma Tafkin Tana na Habasha inda Shuɗin Nilu ke tasowa. Wajen shekara 14,500 da suka wuce zagayen tekun, wato nutsewar nan da ke jan ruwan ɗumi zuwa arewa, ya farfaɗo, Bosumtwi ya hau da sauri. Tsakanin 12,900 da 11,700 sanyi ya sake dawowa arewa, tafkin ya sake ja da baya, ƙura ta ƙaru. Sau biyu ke nan a jere, abin da ya faru a tekun da ke kusa da Girinlan ya bayyana a lakar ƙasar Ashanti.

Bayan nan aka shiga zamanin yalwa. Saboda wani jujjuyawar da duniya ke yi a kan ƙafarta duk bayan shekara kusan 21,000, zafin bazara a arewacin duniya ya ƙaru, damina ta kutsa har cikin Sahara. A lokacin ne Bosumtwi ya batse. A lokacin ne kuma Tafkin Chadi ya kai faɗin kusan murabba'in kilomita 350,000, kuma kwale-kwalen nan na Dufuna da aka gano a Yobe a 1987, mai shekara wajen 8,000, ɗan wannan zamani ne.

Abin da tafki guda ba zai iya faɗa ba

Bosumtwi yana kan digiri 6 da rabi arewa da tsakiyar duniya, inda ake damina biyu a shekara. Kano tana kan 12, Damagaram ta kusa 14, daminarsu guda ce, gajera. Shekarar da hadari ya kasa hawa arewa tana iya zama ta ruwa a kudu. Don haka ba daidai ba ne a ɗauki labarin Ghana a shimfiɗa shi a kan Sahel ba tare da shaidar gida ba.

Shaidar gidan tana nan. Tsofaffin jigayin yashi da suka miƙe daga ƙasar Kano zuwa Haɗeja da Barno, waɗanda yau ake noman gero da gyaɗa a kansu, iska ce ta tara su a lokacin da babu tsiron da zai riƙe ƙasa. A. T. Grove ya yi bayaninsu tun 1958. A tudun Biu kuma akwai Tafkin Tilla, shi ma a rami yake, na tsohon dutse mai aman wuta. Ulrich Salzmann ya karanta ƙurar furannin lakarsa ta shekara 17,000, ya ga ciyawa a ƙarshen zamanin ƙanƙara, sannan daji mai duhu irin na kudu a zamanin yalwa, ko da yake wurin bai taɓa zama kurmi ba. Arewa da kudu sun bushe tare a wancan babban fari, kuma wannan shi ne abin tsoro a cikinsa: hadarin bai kauce gefe kawai ba, ƙarfinsa ne ya karye.

Ƙarewar zamanin yalwa kuwa ba tare aka yi ta ba. An daɗe ana gardama: lakar teku a gaɓar Muritaniya ta nuna an bushe kwatsam wajen shekara 5,500 da suka wuce, Tafkin Yoa na arewacin Chadi kuma ya nuna a hankali aka bushe. Aikin Shanahan na 2015 ya jera wurare da dama ya nuna bushewar daga arewa ta faro tana gangarowa kudu, ba ta iso Bosumtwi ba sai wajen shekara 3,000 da suka wuce.

A cikin waɗannan shekaru 3,000 ne ƙirgen layuka ya fi aiki. A 2009 Shanahan da Overpeck suka nuna cewa farin shekara 30 zuwa 40 abu ne da ke zuwa yana komawa, yana bin ɗumi da sanyin Atlantika. Farin da ya cinye dabbobi da amfanin gona a 1973 da 1984, wanda dattawanmu ba su manta ba, irin wannan ne. Amma akwai wanda ya fi shi. Daga wajen 1400 zuwa 1750 tafkin ya sauka da kusan mita 30, ya zauna a ƙasa tsawon da har itatuwa suka tsiro a filin da ya bari suka girma. Su ne waɗanda ruwa ya shanye da ya dawo. Ma'aunan ruwan sama na zamani a yankinmu ba su wuce shekara ɗari da 'yan kai ba, ba su taɓa ganin irin wannan ba, kuma a kansu ake gina lissafin madatsun ruwa da na noman rani.

Yau ƙanƙarar Girinlan tana narkewa. Rahoton kwamitin sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2021 ya ce akwai yiwuwa mai ƙarfi zagayen Atlantika ya raunana a wannan ƙarni, ko da yake bai sa ran ya tsaya cak kafin 2100 ba. A 2017 Dimitri Defrance da abokan aikinsa suka gwada a kwamfuta abin da saurin narkewar zai haifar, suka ga daminar Sahel tana raguwa, filin noman gero da dawa yana tsukewa. Ba na cewa abin da ya faru shekara 16,000 da suka wuce zai maimaita kansa. Ƙanƙarar yau ba ta kai ta wancan zamani ba, kabon-dayoksaid kuma ya haura 420, wajen ninki biyu na wancan lokaci.

Amfanin lakar a wani wuri yake. Manhajojin da ke hasashen daminar gobe, da irin wannan tarihi ake jarraba su. A ba su yanayin shekara 21,000 ko 6,000 da suka wuce, a ga ko za su fitar da abin da tafkuna suka nuna. An yi wannan jarrabawa sau da dama, kuma yawancinsu sun kasa kai damina cikin Sahara gwargwadon yadda ta kai shekara 6,000 da suka wuce. Ma'ana, daminar Afirka ta Yamma ta fi yadda manhajojin ke zato saurin sauyawa da nisan tafiya. In aka kawo mini hasashen ruwan saman Katsina ko Maraɗi na shekarar 2080, abin da zan fara tambaya shi ne ko manhajar da ta fitar da shi ta iya sauke Bosumtwi mita 60, ta kuma cika shi har ya batse.